Tsohuwa Tana Cikin Jakarki, Ki Sassauta Mata Murfi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata kuma uwata, Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya sa takardar nan ta same ki a zaune lafiya a kujerar da na zaɓa miki da kaina, bayan direba, gefen taga. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare tayoyi, Ya hana direban nan gyangyaɗi da yawan amsa waya. Allah Ya sauke ki Ibadan lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki fara aikin jinya. Ki gaishe da Goggonki Ladi da za ki zauna a wajenta, ki ce mata yayanta yana nan yadda ta san shi.

Kafin ki ci gaba da karatu, ajiye takardar a cinya. Buɗe baƙar jakar da ke tsakanin ƙafafunki. A ƙarƙashin hijabanki akwai kwalba naɗe cikin tsohuwar hulata. Ki murɗa murfin a hankali sai kin ji ta ce "fisss", sannan ki mayar. Idan na kusa da ke ya juyo yana kallonki, ke ma ki kalle shi. Yawwa. To, yanzu mu yi magana.

Tsohuwa ce a ciki. Kin san ta, a gabanta aka haife ki, kuma ta girme ki nesa ba kusa ba. Irin tsamin nan ne da nake zubawa a kwaɓin taliyata, fulawa da ruwa kawai, amma mai rai, mai ci, mai numfashi, mai fushi. Duk wanda ya taɓa cin taliyar Alhaji Haladu a Rano ya lashe yatsa ya ce hannuna daban ne, to gaskiya ne hannuna daban ne, amma kwalbar nan ma tana da nata kason.

Ki kuma sani ita ke nan. Ban raba ta biyu ba. Ban bar ko abin lakata da yatsa a gida ba. Idan ta mutu a hannunki, ta mutu daga gidanmu, kuma wuri ɗaya ne tak ya rage a duniya da zan samo wata, wurin da na fi son a cire min haƙori da in sake zuwa. Dalilin da ya sa na ba ki duka zan faɗa a ƙarshe, idan na ga dama.

Ba zan cika ki da wa'azi ba. Maganar sallah a kan lokaci da kamun kai Mamanki ta yi miki har muryarta ta dishe. Ni abin da zan ba ki kurakuraina ne. Ba su da yawa, shi ya sa na iya tuna su.

Kin san a aji uku na bar sakandare. Ba kaina ne bai ja ba, ni da malamin lissafi ne muka kasa fahimtar juna. Na sayi tsohon injin murji a wajen wata mata da za ta tashi daga unguwarmu, na ɗaure shi a jikin benci, na fara taliya. A majalisa har cewa ake, "Haladu, atamfa za mu haɗa maka ko leshi?" don wai aikin mata na ɗauka. Yau masu wannan maganar su ne ke zuwa suna min sallama a hankali, a ɗauki matansu aiki.

Wata rana da damina na kwaɓa fulawa cike da baho, sai wani abokina ya leƙo ya ce ana kokawa a Kibiya. Na ce yanzu zan je in dawo. Muna can ruwa ya ɓarke, hanya ta yanke, dole muka kwana. Washegari da na dawo na tarar kwaɓi ya kumbura ya ɗaga faifai, yana wani ƙamshi mai tsami-tsami. Wani ne da zubarwa zai yi. Ni ba na zubar da fulawa. Na ƙara masa gari, na murje shi da ƙarfi, na yanka, na dafa, na kai bakin kasuwa da mai da yaji ina addu'ar kada kowa ya lura.

Kashegari sai ga Malam Ado mai ɗinkin hula, wanda kowa ya san taliya ba ta zama masa a ciki.

"Haladu, me ka zuba jiya?"

Na ce, "Lafiya dai, Malam?"

"Lafiya lau. Na ci, na yi barci, ban ji kumburi ba. Ga wani ɗan daɗi a ƙarshen harshe. Ƙaro min irinta."

Na gyara tsayuwa na ce, "Ai sirri ne, Malam. Na daɗe ina bincike a kai."

To ga inda kuskuren yake: na kwashe bahon tas, har na wanke. Na ce ai ba wuya, in sake barin kwaɓi ya kwana. Na bari, wannan ya ruɓe. Na sake, wancan ya zauna kamar dutse bai ce min komai ba. Ummi, har Kibiya na koma na sake kwana, ko tafiyar ce sirrin. Malam Ado kuwa kullum sai ya zo ya ce, "Ina binciken?" Ina cikin wannan hali Dije mai nono, wadda ke kawo mana kindirmo daga rugar bayan Madachi, ta same ni ina harara baho. Da ta ji labari ta yi dariya har ta dafe ƙwarya. Ta ce, "Kai dai Kaɗo! Ka taɓa ganin na kwashe nonona tas? Iri ake bari, shi ke tayar da na gobe." Abin da ni ma ina dab da ganowa ke nan, ta riga ni faɗa ne kawai. Ranar da Allah Ya sa wani kwaɓin ya sake yin tsamin nan mai kyau, na gutsura na saka a kwalba. Ita ce a jakarki.

Saboda haka a komai ki bar iri. A tukunya, a ƙarfin jikinki, a bakinki. Idan kika yi faɗa da abokiyar aiki, kada ki kwashe duk abin da ke ranki ki juye mata, ki rage abin da za ku tashi da shi gobe ku gaisa.

Abincinta kuwa ba wahala. Kullum da safe kafin ki fita, ki ɗebe wani abu daga ciki, ki zuba mata fulawa da ruwa, ki juya har ta yi kaurin kullun waina. Idan ruwan famfonsu yana warin magani, ki tara ki bar shi ya huce tukuna. Gishiri kada ya shiga kwalbar. Kanwa kuwa ko a kusa kada ki ajiye. In kin ga ta taso tana ƙananan ƙofofi, tana cikin farin ciki. In ta kwanta ruwa ya taru a kanta, yunwa take ji, kuma laifinki ne. Idan aiki ya yi miki yawa, ki saka ta a firjin Goggonki ta yi barci, in dai ana samun wuta, amma ki gaya wa yaran gidan ba yogot ba ne.

Kuskure na biyu shi ne dalilin da ya sa na ce ki buɗe jaka tun a farkon takarda.

Lokacin da zan je gaisuwar surukai a Rurum, wajen kakanki Malam Isiyaku, Allah Ya jiƙansa, ba ni da wanda na yarda in bar wa Tsohuwa. Samari muke ɗaki ɗaya, kuma duk abin da suka gani a kwalba sai sun ɗanɗana. Sai na ciyar da ita ta ƙoshi, na rufe murfi da iya ƙarfina, na naɗe da leda, na ɗaure da roba, na zura a aljihun ƙirjin sabuwar babbar rigata fara. Bazara ce. Muka hau babur da baffana, rana na dukanmu, hanya na girgiza mu, ita kuma tana can tana tara abin da ke ranta.

Aka shimfiɗa mana tabarma a soro. Dattawa sun jeru, ni na sunkuyar da kai kamar ban taɓa yin magana ba. Ƙanin Mamanki, Kawunki Ɗanladi, lokacin yana saurayi mai ji da kansa, ya shigo da ƙwaryar fura ya ajiye. Baffana yana cikin zayyana halina, cewa yaro ne mai natsuwa wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai wani ɗan fito ya fara fita daga ƙirjina. Siriri. "Fiiii."

Dattawa suka dubi juna. Wani ya yi gyaran murya don ya rufa min asiri, a zatonsa cikina ne. Na danne aljihu da hannu. Fito ya ƙaru. Kakanki ya dube ni ya ce, "Samari, mece ce sana'ar taka?"

Na buɗe baki zan amsa, sai ita ta amsa.

Fam!

Murfi ya tashi ya bugi rufin soro ya dawo cikin fura. Wani dattijo da aka ce ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, shi ya riga kowa fita waje yana a'uziyya. Baffana ya kwanta a ƙasa. Ni kuwa daga haɓa zuwa cibiya kullu ne, ga kakanki a zaune bai motsa ba, gemunsa yana ɗiga. Ya sa yatsa ya shafo, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe.

"Wannan ce sana'ar?"

"Ita ce, Baba."

Ni har na fara tunanin hanyar da zan bi in koma Rano ba tare da an gan ni ba. Sannan ya ce, "To. Wanda ya zo neman aure da sana'arsa a ƙirji ba zai bar min 'ya da yunwa ba. Na ba ka. Amma nan gaba ka riƙa barin ta a waje tare da takalma."

Da cokali na kankare abin da ya rage a jikin rigata na mayar kwalba, da shi na sake raya ta. Kawunki kuwa tun ranar ya sa min suna Yaya Fam, kuma har yau da nake da furfura da ma'aikata bai daina ba. Wasan ƙanin mata ne, ba ni da inda zan kai ƙara.

To ki ji. Na ɗaure murfin ne don kada ta ɓata miki kaya, amma duk inda mota ta tsaya, sallah ko shan mai, ki sassauta mata ta yi numfashi. Idan masu binciken hanya suka tambaya, ki ce kullu ne, kada ki tsaya bayani. Da kin isa ki bar murfin a ɗore kawai. Haka ke ma. Abin da ya dame ki a can, kada ki rufe ki ɗaure da roba ki ce ke 'yar Alhaji Haladu ce ba kya kuka. Zai fashe, kuma ba ya fashewa sai a gaban mutanen da kika fi jin kunya. Ki kira Mamanki ki sassauta kaɗan-kaɗan. Ni ma in kin kira zan ɗauka, in ba na cikin aiki.

Na uku ya faru ranar sunanki, don haka ke ma kina da hannu a ciki.

Sunan mahaifiyata aka sa miki, na ce duk Rano sai ta san an yi suna. Na hana a yi shinkafa. Na ce ɗanyar taliya za a ci, wadda aka murza a ranar, ba busasshiya ba. Na kuma yi wani lissafi: tunda ɗan iri kaɗan yana sa ta yi daɗi, mai yawa zai sa ta yi daɗi mai yawa. Na juye kusan rabin Tsohuwa a ciki, kwaɓi ya yi ruwa-ruwa, na bar shi ya tashi kamar na burodi. Da ƙyar ya bi ta cikin inji. Aka zuba a tukunya, sai na ji maroƙi a ƙofar gida ya kama sunana yana cewa sarkin taliya, wanda ya gagari na kanti. Na ce wa mata kada wadda ta taɓa tukunyar nan, ina zuwa. Na fita. Mutumin nan ya iya baki. Ya kai ni har kan kakannina, ni kuma ban ga dalilin katse shi ba.

Da na dawo babu taliya a tukunya. Akwai dai wani abu fari mai kauri yana tafasa yana "ɓul, ɓul".

Mamanki daga ɗaki ta aiko a tambaya ko a ɗora shinkafa. Na ce a'a. Na sa aka zuba a faranti, aka malala mai da yaji, aka fitar. Kawunki Ɗanladi ya leƙa nasa farantin, ya karkata shi, abin ya gangara gefe ɗaya. Ya ɗaga murya yadda na layi na uku zai ji:

"Yaya Fam, cokali za a kawo mana ko ludayi?"

Na ce, "Kai baƙauye ne. Faten taliya ke nan, shi ake yayi a birni."

Aka ci, don yunwa ta riga ta kama mutane. Kuma ina so ki sani har mutum biyu suka tambaye ni yadda ake yi.

Ga yadda ake yi na gaskiya, ki riƙe. Taliya ba burodi ba ce, ba a so ta tashi, ɗanɗano kawai ake nema. Fulawa a roba, gishiri kaɗan, iri kamar ludayi ƙarami, ƙwai in kina da shi, ruwa kuwa da rowa. Kwaɓin ya yi tauri har ki fara jin haushinsa. Ki yi ta murzawa da tafin hannu sai ya yi sumul kamar kumatun jariri. Ki rufe ki ba shi hutu, kamar daga azahar zuwa la'asar, ko ya fi haka in kina son tsamin ya fito. Goggonki tana da injin da na ba ta, idan ba ta mayar da shi abin tokare ƙofa ba. Ki fara da wajen da ya fi faɗi, ki ninka ki sake, kina matsewa a hankali, kina barbaɗa gari, sannan ki kai wajen yanka. Kada ki ce za ki shanya a igiya irin namu na nan. An ce garin nan nasu ko riga ba ta bushewa, fumfuna za ta yi. Ki dafa a take. Ruwa ya tafasa sosai da gishiri kafin ki zuba, kuma ɗanya ba ta jira irin ta kanti. Tana tasowa sama ki ɗauko sili ɗaya ki tauna. Ki tsaya a kanta. Ko wa ke kiran sunanki a waje, ki tsaya a kanta.

Wannan kuwa ba a tukunya kaɗai ba. Za ki samu masu yabonki a wurin aiki, don kin gaji kaina. Idan mara lafiya yana hannunki, mai yabo ya jira.

Na huɗu shi ne babba, kuma a kansa nake so ki buɗe kunne.

A garin nan ba a hana iri. Mai nono tana ba maƙwabciyarta, mai waina tana ba mai waina. Ni na hana. Mata su aiko a sam musu na funkaso, in ce ya ƙare, alhali ana jin ƙamshinsa daga soro. A lokacin Kawunki ya buɗe tasa rumfar taliyar a kasuwar Kibiya, mutane suna zuwa suna ce min tasa ma tana da ɗan tsamin nan. Na sa aka sayo min na ɗanɗana. Na tofar na ce kwaikwayo ne, ba ta kama ƙafar tawa ba, tsaminta irin na abin da ya lalace ne. A majalisa na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Da Allah Ya kira ni aikin Hajji sai tunani ya dame ni: wa zan bar wa Tsohuwa? Idan na bar wa Mamanki, tana da taushin zuciya, kafin in dawo duk unguwa ta samu. Sai na zuba mata fulawa mai yawa, wadda a lissafina za ta ishe ta har in dawo, na saka ta a akwatin ƙarfe, na kulle, na rataya mukulli a wuyana. Mukullin nan ya yi ɗawafi, ya hau Arfa, ya je Madina. Ita kuwa tana Rano cikin duhu ba mai ce mata sannu.

Ranar da na dawo gida cike da 'yan barka da zuwa, ban zauna ba na wuce wajen akwati. Ummi, kina ƙarama, amma na san kin tuna ranar da aka fitar da ku waje aka kunna turaren wuta a kowane ɗaki. Abin da na tarar a kwalba baƙi ne da kore, har gashi ya fitar. Na zauna a ƙasa da sabon rawanina. Mutane na cewa Alhaji gajiyar hanya ce.

Mamanki ta bari sai da aka watse. Ta ajiye min abinci ta ce, "Alhaji, ka ci tukuna."

"Ba na ci."

"To in ba ka ci ba, wa zai je Kibiya?"

"Me zan yi a Kibiya?"

Ta gyara ɗankwali ta ce, "Akwai ta a wajen Ɗanladi. Tun Ummi na goye na ɗibar wa matarsa ta yi funkaso. Shi ya ci gaba da ciyar da ita."

Kin ji fa. Shekara da shekaru ina zagin Tsohuwa a majalisa ban sani ba.

Na so in aika, Kawunki ya ce iri ba ya bin ɗan aike. Na so in je gidansa, ya ce a rumfa yake ajiye ta. Ranar kasuwa kuma. Na je da haƙorin Makka sabo yana walƙiya, na tsaya a gaban rumfarsa, na rage murya na ce, "Ɗanladi, iri za ka ɗan sam min."

Ya sa hannu a bayan kunne. "Na'am, Yaya Fam?"

"Na ce iri."

"Wallahi ka yi haƙuri. Kunnen nan tun ranar da abin nan ya fashe a soronmu bai ƙara ji sosai ba. Ɗaga murya."

Masu kayan miya suka daina ciniki. Mai nama ya ajiye wuƙa.

"Iri nake so!"

"Wanne? Na wajena? Ai na ji an ce kwaikwayo ne. An ce tsaminsa irin na abin da ya lalace ne. Kada in cuce ka, kai da ka dawo daga ɗakin Allah."

Ummi, sai da na faɗa da bakina, a tsakiyar kasuwar Kibiya, cewa taliyar Ɗanladi taliya ce. Sannan ya shiga ciki ya fito da kwalba, ya miƙo min da hannu biyu kamar mutumin kirki, ya ce, "Ga ta, Alhaji. Na sassauta maka murfin, na ga rigar sabuwa ce."

Tun daga nan na daina hanawa. Sai dai matan unguwa duk wadda na ba sai ta haɗa da yis na kanti don sauri, ta lalata. Tsantsarta a wuri biyu kawai take: kwalbar da ke jakarki, da rumfar mutumin nan. Saboda haka in kin isa ta kama ƙarfi, duk wadda ta roƙe ki ki ba ta, ko wace ƙabila ce, ko da ba kwa jin yaren juna. Abin da na kulle a akwati mutuwa ya yi. Wanda aka ɗiba a bayan idona aka bayar, shi ya dawo ya cece ni.

Saura dalilin da na ce zan faɗa.

Jiya da safe na wanke kwalba biyu, niyyata in raba, ɗaya taki ɗaya tawa, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Har na zuba. Sai Goggonki Ladi ta faɗo min a rai. Ita ma a tashar nan na sa ta a mota, ta leƙo ta taga ta ce min, "Yaya, da an gama damina zan zo." Yau jikokinta da Yarabanci suke gaishe ni a waya. Ba ta yi laifi ba, haka garin mutane yake, yana da daɗin zama. Sallah ta zo a ce aiki ya yi yawa, a turo hoto da sabon ɗinki, a ce sai ta baɗi.

Sai na ɗauki kwalba ta biyu na juye ta cikin ta farko, na wanke ta tas, na kife.

Mamanki tana bakin murhu tana kallona. Ta ce, "Alhaji, ba kai ne kullum mai cewa a bar iri ba?"

Na ce, "Na bari. A wajen Ummi na bar shi."

Ta ce, "Ka dai kasa buɗe baki ka ce wa yarinya ki dawo."

Na ce wannan maganar sana'a ce, ba ta fahimta ba. Na kuma tambaye ta tsakaninta da Allah ko ta ɗebi wani ta ɓoye irin na wancan karon. Ta ce a'a, wannan karon ko ita ba ta ɓoye ba. Ta juya tana hura wutar da take ci da kyau.

To ga halin da ake ciki. Na gaya wa masu saye cewa taliya mai tsami ta tafi hutu, sai dai ta yau da kullum, har zuwa Babbar Sallah. Sun tambayi dalili, na faɗa musu. Yanzu daga bakin kasuwa har tasha babu wanda bai san lokacin da ya kamata ki dawo ba. Malam Ado, da tsufansa, ya ce a gaya miki cikinsa yana hannunki. Kawunki kuwa ban san wa ya kai masa labari ba, ko da yake na san da wa suke uwa ɗaya. Tun kafin azahar ya kira ni ya ce ya share gaban rumfa, ya kuma yi magana da mai lasifikar tallan magani, saboda kunnen nasa ya ƙara lalacewa.

Uwata, kada ki bari in sake tsayawa a kasuwar Kibiya.

Ki nemi hutunki tun da wuri, tun kafin wasu su riga ki. Ki ciyar da ita, ki kawo min rabona. Kuma ba na karɓar saƙo ta hannun direba, ba na karɓa ta hannun ɗan garinmu mai zuwa gida. Iri ba ya bin ɗan aike. Da hannunki za ki shigo da ita soron nan, ki ajiye a gabana, in duba in ga ko ta rame. Ke ma in duba.

Allah Ya kiyaye ki a tafe da zaune. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin abin da ba mu sani ba. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Ya ba ki haƙuri da marasa lafiya da kuma Goggonki. Ya yi miki albarka, albarkar da ni da Mamanki muka sa miki tun kina zanin goyo. Yadda kika fita lafiya, Allah Ya dawo mana da ke lafiya, ku biyun. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Alhaji Haladu Mai Taliya, Rano.

Na san halinki, kin karanta tun daga sama har ƙasa ba ki buɗe jakar ba. Buɗe yanzu. Hijaban nan sababbi ne.